Fitilar Walƙiya ta Kyamara: Yadda Ake Sarrafa Haske a Ɗaukar Hoto

Gabatarwa

Da wuya a sami gidan da babu irin wannan hoto a cikin kundin hotunansa. An ɗauke shi da dare a wurin biki. Amarya da ƙawayenta biyu da ke gaba fuskokinsu sun yi fari fat kamar an barbaɗa musu gari, waɗanda ke sahu na biyu ana ganinsu dishi-dishi, na sahu na uku kuwa duhu ya haɗiye su. Bayansu baƙi ƙirin, sai ka ce a dokar daji aka yi taron, alhali duk wanda ya halarta ya san wurin cike yake da fitilu. Abin takaici a nan shi ne biki ba ya maimaituwa. Haka ma ranar raba kyaututtuka a makaranta, ko ranar saukar karatu. Idan hoton ya lalace, ya lalace ke nan.

Sau da yawa akan ɗora laifin a kan kyamara, a ce mai arha ce, ko a kan mai hoto, a ce hannunsa ba shi da kyau. Gaskiyar magana ita ce, abin da ya ɓata hoton wasu ƙa'idoji ne na haske, waɗanda ɗalibin sakandare yake karantawa a darasin Fiziks. Wannan maƙala za ta yi bayanin yadda ake aiki da fitilar walƙiya ta waje, wato wadda ake saye daban a ɗora a saman kyamara ko a kafa ta a gefe, wadda masu sana'ar hoto ke kira filash. Jigon bayanin guda ne: duk hoton da aka ɗauka da wannan fitila, haske iri biyu ne suka haɗu suka yi shi, hasken da ke wurin tun da farko da kuma hasken walƙiyar, kuma kowannensu da nasa linzamin.

Hanyoyi Uku na Awon Haske

Kyamara akwati ce mai duhu wadda haske ke shiga ta kafa guda. Tushen wannan ilmi tsoho ne. Masanin nan Hasan Ibn al-Haisam, haifaffen Basra wanda ya yi aikinsa a Alƙahira ya kuma rasu wajen shekarar 1040, ya yi bayanin yadda haske ke ratsa ƙaramar kafa ya shiga ɗaki mai duhu, ya zana surar abin da ke waje a kife a jikin bango. A kyamara, a maimakon bango akwai fim, ko kuma farantin lantarki mai jin haske idan ta dijital ce. Idan hasken da ya faɗa kan farantin ya yi kaɗan, hoto ya yi duhu. Idan ya yi yawa, hoto ya ƙone ya yi fari. Aikin daidaita wannan adadi shi za mu kira awon haske, kuma ta hanyoyi uku ake yin sa.

Hanya ta farko ita ce ƙofar haske, wato ramin da ke cikin ruwan tabarau na kyamara, wanda ake iya faɗaɗawa ko tsukewa kamar yadda ƙwayar idon mutum take yi. Ana nuna girmanta da lambobi kamar haka: f/2, f/2.8, f/4, f/5.6, f/8, f/11, f/16, f/22. Abin da ke rikita mai koyo shi ne, ƙaramar lamba ita ce babbar ƙofa. Dalili kuwa, lambar sakamakon rabawa ce: ana raba nisan tattara haske na ruwan tabarau da faɗin ƙofar. Ruwan tabarau mai milimita 50, idan faɗin ƙofarsa milimita 25 ne, an sami f/2. Idan aka tsuke ta zuwa milimita 12.5, an sami f/4. Daga kowace lamba a jerin nan zuwa ta gaba, hasken da ke shiga yana raguwa da rabi.

Hanya ta biyu ita ce labule, wanda ke rufe farantin, ya buɗe na ɗan lokaci idan an danna maɓalli. Ana auna lokacin da kason sakan: 1/30, 1/60, 1/125, 1/250, 1/500, da sauransu. Nan ma kowace lamba rabin wadda ta gabace ta ce.

Hanya ta uku ita ce ƙarfin jin haske na fim ko faranti, wanda ake rubutawa ISO 100, 200, 400, 800, har zuwa sama. Tsofaffin masu hoto sun fi saninsa da ASA. ISO 200 yana bukatar rabin hasken da ISO 100 ke bukata. Sai dai idan lambar ta yi yawa, hoton kan fito da ɗigo-ɗigo kamar an yayyafa masa yashi.

Duk ninki ɗaya ko raguwar rabi a cikin waɗannan hanyoyi, za mu kira shi mataki ɗaya. Mai karatu ya riƙe wannan kalma, domin za mu yi ta komawa gare ta.

Daga Garin Wuta Zuwa Zinon

Hoto mafi tsufa da ya rage a duniya, wanda Bafaranshe Nicéphore Niépce ya ɗauka wajen 1826, ya bukaci aƙalla sa'o'i takwas na hasken rana. Ko da aka sami ci gaba, ɗaukar hoto da dare ko a cikin ɗaki ya ci gaba da zama matsala. A shekarar 1887 Jamusawa biyu, Adolf Miethe da Johannes Gaedicke, suka fito da wani gari mai ɗauke da ƙarfen maganiziyam, wanda idan an kunna masa wuta yake tashi da haske mai tsanani. Da irin wannan gari ne ɗan jarida Jacob Riis ya ɗauki hotunan ɗakunan talakawa masu duhu a birnin New York, ya buga su cikin littafi a 1890. Amma garin yana da hayaƙi da haɗari, ya ƙona hannaye da ɗakuna da dama. Wajen 1929 aka fara sayar da ƙwan fitila na walƙiya a Jamus, wanda ke ƙonewa a cikin gilashi, sai dai sau ɗaya ake amfani da kowane ƙwai a jefar.

Fitilar da muke amfani da ita ta samo asali ne daga aikin Harold Edgerton na cibiyar fasaha ta MIT a Amurka, tun daga farkon shekarun 1930. Ya ƙera fitilar lantarki mai walƙiya cikin ƙanƙanin lokaci, har ya iya ɗaukar hoton ɗigon madara yana fantsama a 1957, da na harsashi yana huda tuffa a 1964.

Ga yadda take aiki. Batura huɗu ƙanana, kowane mai bolt 1.5, suna ba da bolt 6. Wata da'irar lantarki takan ɗaga wannan zuwa kimanin bolt 300, ta tara shi a cikin wata ma'ajiyar lantarki da ake kira kafasita. Wannan tari shi ne dalilin jiran da ake yi na 'yan sakan kafin ɗan hasken da ke nuna an shirya ya kama. A gaban fitilar akwai siririn bututun gilashi cike da iskar zinon, wadda masana biyu na Birtaniya, William Ramsay da Morris Travers, suka gano a 1898. A yadda take, zinon ba ta barin lantarki ya ratsa ta. Da an danna maɓalli, sai a aika mata da bugu na dubban bolt, nan take ta zama hanyar wucewar lantarki, kafasita ta juye abin da ta tara, bututun ya haskaka da farin haske mai kama da na rana. Abin da ke faruwa a sararin sama lokacin damina ke nan, an ƙanƙanta shi an sa a gilashi.

Abin da ya kamata a lura da shi shi ne gajartar lokacin. Walƙiyar takan ɗauki kimanin 1/1000 na sakan, ko ɗan fiye da haka idan an ba ta cikakken ƙarfi. Idan aka rage ƙarfin zuwa 1/2, 1/4, 1/8, har 1/128, fitilar tana datse walƙiyar ne da wuri, har ta kai ƙasa da 1/10,000 na sakan. Hasken da wayar salula ke bayarwa kuwa ba irin wannan ba ne. Ɗan ƙwan tocila ne mai ci gaba da haske, kuma ƙarfinsa bai kama ƙafar na zinon ba.

Yayyafi da Kwanon Ruwa

Bari mu yi misali. A ɗauka an ajiye tulu mai murfi a tsakar gida ana yayyafi. Ruwan da zai shiga ya danganta da faɗin bakin tulun da kuma daɗewar da murfin ya yi a buɗe. Yanzu a ce lokacin da murfin yake buɗe, wani ya watso ruwa cikin kwano guda, sau ɗaya tak. Abin da zai shiga tulun daga wannan watsi ya danganta da faɗin baki, da yawan ruwan kwanon, da nisan mai watsin. Amma ko murfin ya yi minti ɗaya a buɗe, ko ya yi goma, ruwan kwanon da ya shiga bai ƙaru ba. Na yayyafi ne kaɗai yake ƙaruwa.

Yayyafin shi ne hasken wuri: fitilun zaure, ko hasken magariba. Kwanon ruwan shi ne walƙiya. Bakin tulu ƙofar haske ce, murfi kuwa labule. Daga nan za mu fitar da ƙa'ida kamar haka:

1. Ƙofar haske da ISO suna shafar haske biyun gaba ɗaya.
2. Saurin labule yana shafar hasken wuri kaɗai.
3. Ƙarfin fitila da nisanta suna shafar hasken walƙiya kaɗai.

Yanzu mun gano dalilin baƙin da ke bayan amarya. Mai hoton ya bar labule a kan 1/250 da ƙofa f/11, awon da ya dace da hantsi. A wannan ɗan lokaci hasken fitilun wurin bai isa ya bar ko alama ba. Da ya sassauta labule zuwa 1/30, ya ƙara wa hasken wuri mataki uku, wato ninki takwas, ba tare da fuskar amarya ta canza ba. Da ya ɗaga ISO daga 100 zuwa 400 ya kuma rage ƙarfin fitila zuwa kashi ɗaya cikin huɗu, ya ƙara wa bayan wasu mataki biyu, fuskar kuma tana nan yadda take. Kada a ji tsoron cewa 1/30 zai sa fuska ta yi hazo saboda motsi, domin a wuri mai duhu walƙiyar ce ke zana fuskar, kuma gajartarta tana daskarar da motsi. Sai dai idan hasken wurin yana da ƙarfi, akan ga wata inuwa-inuwa tana bin mai motsin.

Iyakar Saurin Labule

Akwai iyaka guda da ba a ƙetarewa. A yawancin kyamarori masu canjin ruwan tabarau, labulen biyu ne. Na farko ya zuge ya buɗe faranti, na biyu ya biyo baya ya rufe. Idan lokacin yana da ɗan tsawo, akwai sa'ar da farantin yake buɗe gaba ɗaya, na farko ya gama tafiya, na biyu bai taso ba. A wannan sa'a ce fitila take walƙawa. Idan kuwa aka zaɓi 1/500 ko 1/1000, labule na biyu yana tasowa tun na farko bai kai ƙarshe ba, sai ya zama wata 'yar tsaga ce ke ratsa farantin. Walƙiya ta zo ta wuce, ta haskaka tsagar kaɗai, sauran hoton ya fito da baƙar shimfiɗa.

Saurin ƙarshe da faranti ke buɗewa gaba ɗaya shi ake kira saurin daidaito. A yawancin kyamarorin dijital 1/200 ne ko 1/250. A tsofaffin kyamarorin fim, irin su Pentax K1000, 1/60 ne, kuma akan yi wa lambar alama a jikin maɓallin. Wasu fitilu suna da dabarar ƙetare wannan iyaka ta hanyar jero ƙananan walƙiyoyi a jere har tsagar ta gama wucewa, amma hakan yana cin ƙarfin fitilar ƙwarai.

Dokar Nisa

Saura batun sahu na uku da duhu ya haɗiye. A shekarar 1604 masanin taurari Johannes Kepler ya bayyana cewa hasken da ya fito daga ƙaramin tushe yana raguwa gwargwadon nisa sau nisa. Wato idan nisa ya ninka biyu, haske ya koma kashi ɗaya cikin huɗu. Idan ya ninka uku, ya koma ɗaya cikin tara. Idan ya ninka huɗu, ɗaya cikin goma sha shida. Hasken bai ɓace ba, bazuwa ya yi a kan fili mafi faɗi.

Malami zai iya nuna wannan a aji da kayan da ba su da tsada. A yanka rami mai kusurwa huɗu, santimita 2 kowane gefe, a jikin kwali. A rufe tagogi, a kunna tocilar wayar salula, a riƙe kwalin santimita 10 daga gare ta. A sa farar takarda a nisan santimita 20 daga tocilar: hasken da ya ratsa ramin zai zana murabba'i mai santimita 4 kowane gefe, wato fili ninki huɗu na ramin. A matsar da takardar zuwa santimita 30: gefen ya zama santimita 6, fili ninki tara. Haske ɗaya ne ake rabawa, masu rabon ne suke ƙaruwa.

Mu koma wurin biki. Amarya tana nisan mita 2 daga fitila, sahun baya yana mita 4. Na baya sun sami kashi ɗaya cikin huɗu na hasken da ta samu, bambancin mataki biyu. Idan aka auna don amarya, na baya su yi duhu. Idan aka auna don na baya, amarya ta ƙone. Ƙara ƙarfin fitila ba ya magance wannan, domin kowa zai ƙaru daidai da ɗan'uwansa. Maganin shi ne mai hoto ya ja da baya. Idan ya tsaya mita 6 daga amarya, na baya suna mita 8. Lissafi: 6 sau 6 ya ba da 36, 8 sau 8 ya ba da 64, na baya sun sami 36 cikin 64, fiye da rabi. Bambancin bai kai mataki ɗaya ba, kowa zai fito. Sai ya jawo hoton kusa da ruwan tabarau mai zuƙowa. Idan kuma wurin ba shi da fili, sai a rage yawan sahu, a jera mutane a faɗi.

Lambar Jagora

Kowace fitila tana da lambar da masu ƙera ta suka ba ta don nuna ƙarfinta, ana kiranta lambar jagora. Akan ba da ita a kan ISO 100, kuma lissafinta mai sauƙi ne:

Lambar jagora = nisa × lambar ƙofa

A ɗauka fitilarmu tana da lambar jagora 32 a ma'aunin mita. Idan mutum yana nisan mita 4, sai a raba 32 da 4, a sami 8, a sa ƙofa a kan f/8. Idan yana mita 2, f/16. Idan yana mita 8, f/4. A kula ko lambar a mita aka ba da ita ko a ƙafa, domin fitila ɗaya mai 32 a mita tana da kimanin 105 a ƙafa. A kuma kula cewa fitilu da yawa suna iya tsuke haskensu ko baza shi, kuma lambar tana canzawa da hakan.

Saboda dokar nisa, sai an ninka haske sau huɗu kafin lambar jagora ta ninka sau biyu. Don haka a ISO 400, lambar 32 ta koma 64. Idan kuma aka rage ƙarfin fitila zuwa 1/4, ta koma 16. Wannan lissafi yana nuna mana aikin banzan da masu kallo ke yi idan suka walƙa fitila daga kujerun filin wasa. Ɗan wasa yana nisan mita 50: 32 a raba da 50 ya ba da f/0.64, ƙofar da babu ita a kyamarar kowa. Ƙeyar wanda ke zaune a gaba kawai za a haskaka.

Inda Haske Ke Fitowa

Samun adadin haske daidai ba shi ne ƙarshen aiki ba. Fitilar da ke saman kyamara tana duban mutum kai tsaye takan shafe kamannin fuska, ta sa goshi da hanci ƙyalli, ta jefa baƙar inuwa mai kaifi a bango. Mai karatu ya kwatanta inuwarsa a tsakar rana ta bazara da inuwarsa a ranar da hazo ya rufe sama. A ranar farko haske daga wuri guda yake fitowa, inuwa ta yi kaifi. A ta biyu sararin sama duka ya zama fitila, inuwa ta yi laushi. Ƙa'idar ita ce, gwargwadon faɗin tushen haske, gwargwadon laushin inuwa.

A nan fitilar waje ta fi wadda ke manne a jikin kyamara, domin kanta yana juyawa. Idan ɗaki yana da farin silin wanda bai wuce kimanin mita 3 ba, sai a ɗaga kan fitilar sama. Haske ya bugi silin ya dawo a baje, silin ɗin ya zama babbar fitila. Kusurwar da haske ya faɗa da ita, da ita yake tashi, saboda haka a nufi wurin da ke tsakanin mai hoto da wanda ake ɗauka. Akwai farashi: hanyar ta ƙara tsawo, silin kuma ya sha wani kaso, sau da yawa akan yi asarar kimanin mataki biyu, sai a buɗe ƙofa ko a ɗaga ISO. Ƙaramin farin kati da aka ɗaure da roba a bayan kan fitilar zai turo ɗan haske gaba, ya cike duhun da kan taru a ƙarƙashin gira da hula.

A yi hattara da launi. Silin ko bango mai shuɗin fenti ko kore zai rina fuska da launinsa. Rufin kwano marar silin, ko rumfar biki mai jan ƙyalle, ba su dace ba. A irin wannan wuri, a sa wani ya riƙe farin kwali ko farin zane a gefe, a juya fitilar gare shi. Wanda ya sami igiya ko na'urar rediyo mai haɗa fitila da kyamara, zai iya kafa ta a gefe, sama da kai kaɗan, a kusurwa kimanin digiri 45, yadda fuska za ta fito da tudu da kwarinta.

Nisanta fitila daga ruwan tabarau yana magance wasu matsaloli biyu. Na farko jan ido: a cikin duhu ƙwayar ido tana buɗe, haske ya shiga ya bugi bayan ido mai yawan jijiyoyin jini, ya dawo kai tsaye cikin kyamara. Na biyu fararen ɗigogi da kan cika hoto a lokacin hunturu ko a filin da dawaki suka ta da ƙura. Ƙurar da ke dab da kyamara ce take shan haske mai yawa, bisa dokar nisa, ta mayar da shi.

Idan Kyamara Ta Yi Awon da Kanta

Tun daga tsakiyar shekarun 1970, lokacin da Olympus OM-2 ta fito, kyamarori suka fara auna hasken walƙiya ta cikin ruwan tabarau, tsarin da ake rubutawa TTL. A kyamarar dijital, fitila takan saki ƙaramar walƙiyar gwaji, kyamara ta auna abin da ya dawo, sannan babbar ta biyo baya, duk cikin ƙiftawar ido. Tsarin yana da amfani a wurin da mutane ke kai da kawowa.

Amma na'ura ba ta san abin da ke gabanta ba. An gina ta a kan zaton cewa duk abin da ta gani, idan an gauraya, zai ba da launin toka matsakaici. A nan ne tufafinmu ke ruɗa ta. Ango ya sa farar babbar riga ta shadda mai sheƙi, rigar ta mayar da haske mai yawa, kyamara ta ɗauka haske ya yi yawa ta rage walƙiya. Sakamako: riga ta yi toka-toka, baƙar fuskar ango ta nutse. Idan kuma mutum ɗaya ne a tsaye da duhun dare a bayansa, kyamara takan ƙara walƙiya har fuska ta ƙone. Don haka aka sa maɓallin gyaran walƙiya mai alamar + da −. Ga fararen kaya a ƙara kimanin mataki ɗaya, ga baƙin baya a rage, a duba hoton, a sake gyarawa. Idan kuwa mutane za su riƙa zuwa wuri ɗaya suna karɓar kyauta, ya fi kyau a kashe TTL a saita ƙarfin da hannu, domin nisa ba ya canzawa, awon ma bai kamata ya canza ba.

Walƙiya da Rana Tsaka

Mutane kan yi mamakin mai hoton da ke kunna fitila da azahar. Rana tana bisa kai, hula ko ɗankwali sun jefa inuwa a fuska, idanu sun zama ramuka. A rana mai ƙarfi, a ISO 100, awon da aka saba shi ne f/16 da 1/125, ko f/11 da 1/250. A bar wannan don hasken wuri. Fitila mai lambar jagora 32, a f/11, tana kaiwa kusan mita 3 da cikakken ƙarfi. Tun da cike inuwa kawai ake so, sai a rage ta da mataki ɗaya ko biyu, yadda mai kallon hoton ba zai ma san an yi amfani da ita ba.

Gargaɗi

Kada ɗalibi ya kwance fitila don ganin cikinta. Kafasita tana iya riƙe ɗaruruwan bolt ko bayan an cire batura, kuma bugunta yana da haɗari. Wasu tsofaffin fitilu na zamanin fim suna aika fiye da bolt 200 ta ƙafarsu, abin da zai iya lalata kyamarar dijital, saboda haka a sa mai gyara ya auna kafin a ɗora. Kada a walƙa fitila dab da idon mutum, ko a fuskar direba da mahayin doki. A cire batura idan za a ajiye ta, domin zafi kan sa su yoyo. Sannan a nemi izinin mutum kafin a ɗauke shi.

Kammalawa

Ƙungiyar kimiyya ta makaranta za ta iya tabbatar da abin da aka faɗa cikin yamma ɗaya. A tsayar da ɗalibi mita 3 daga kyamara bayan magariba, da fitilun makaranta a bayansa. A saita komai da hannu har fuskarsa ta fito daidai. A ɗauki hotuna huɗu a 1/200, 1/60, 1/30 da 1/15, ba tare da taɓa wani abu ba: baya zai yi ta haske, fuska ba za ta canza sosai ba. Sannan a tsayar da labule, a sauya ƙarfin fitila daga 1/2 zuwa 1/4 zuwa 1/8: fuska za ta yi ta duhu, baya yana nan. Daga ƙarshe ɗalibin ya koma mita 6, a lissafa mataki nawa aka rasa kafin a duba hoton. A rubuta lambobin kowane hoto a littafi. Hausawa sun ce gani ya kori ji. Ɗalibin da ya yi wannan gwaji, ranar da aka miƙa masa kyamara a bikin gidansu, zai fara da auna hasken wuri, sannan ya ƙara walƙiya daidai bukata, ya kuma duba nisan sahun baya kafin ya danna maɓalli.